Gwiwa Ta Ƙi, Ga Gudun Legas Saura Makonni Goma

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makarantar sakandare a Zariya, shekarata 41. Bara likita ya ce jinina ya fara hawa, jikina kuma ya yi nauyi, ya ce in riƙa motsa jiki. Na fara da tafiya bayan sallar asuba, daga baya na koma sassarfa, har na kai ina yin kilomita 5 sau uku a mako ba tare da wata wahala ba. Da abokaina biyu suka yi rajistar gudun fanfalaki na Legas mai kilomita 42, wanda za a yi a watan Fabrairu, sai ni ma na bi sahunsu. Cikin makonni huɗu na ɗaga gudun da nake yi ranar Asabar daga kilomita 5 zuwa 18, kusan duka a kan kwalta. Tun ranar da na yi 18 ɗin gwiwata ta dama take ciwo ta gaba, a kewayen ƙoƙonta. Ban faɗi ba, ban ji wata ƙara ba, kuma ba ta kumbura ba. Ta fi damuna idan ina saukowa daga bene, ko na tsuguna a bayi, ko a zaman tahiya, ko na daɗe a zaune a mota. Na je wajen mai ɗori, ya ce targaɗe ne, ya ja ƙafar ya ɗaure. Na huta makonni uku ciwon ya lafa, amma da na koma gudu, ina cikin kilomita na uku ya dawo. Yanzu sai na sha diclofenac nake fita. Saura makonni goma. Maiɗakina da yayana sun ce gudu zai cinye mini gwiwa in tsufa da sanda, abokaina kuwa sun ce in daure kamar namiji. Ga shi na riga na faɗa wa ɗalibaina. In daure ne, ko in haƙura da gudu baki ɗaya?

Amsa

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sawwaƙe, ya kuma saka maka da alheri bisa yadda ka zayyana lamarin daki-daki, domin ƙananan bayanan da ka kawo, irin su cewa ba ka faɗi ba kuma gwiwar ba ta kumbura ba, su ne suka ba ni abin riƙewa. Ka ajiye mini zaɓi biyu, ko ka daure ko ka rabu da gudu har abada, ni kuwa ban ga alherinka a ko ɗaya daga cikinsu ba. Shawarata ita ce ka janye daga gudun kilomita 42 na wannan karo, ka kuma janye tun yanzu ba sai ranar ta matso ba, sannan ka riƙe gudu hannu bibbiyu, domin mutumin da jininsa ya fara hawa yana cikin waɗanda suka fi kowa buƙatar wannan ɗabi'a da ka sha wahala kafin ka same ta.

Kafin mu taɓa maganar gwiwa, ina roƙonka ka daina shan diclofenac don ka samu damar fita gudu. Wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka. Ciwo shi ne bakin da gwiwa take da shi na sanar da kai cewa kayan da ka ɗora mata sun fi ƙarfinta, idan kuwa ka rufe mata baki da ƙwaya, ɓarnar ba ta tsaya ba, kai ne kawai ka daina ji. Akwai kuma abin da ya fi wannan haɗari. Diclofenac da ibuprofen da danginsu suna rage jinin da yake shiga ƙoda, doguwar sassarfa ita ma tana janye jini daga ƙoda zuwa tsokar ƙafafu da fata, ga gumi yana zuƙe ruwan jiki, kuma idan abubuwan nan uku suka haɗu a jikin mutum ɗaya ƙoda tana iya samun rauni na gaske. Magungunan nan suna iya ɗaga hawan jini, suna rage aikin wasu daga cikin magungunan da ake sha dominsa, suna kuma jawo gyambon ciki, musamman ga wanda yake haɗiyarsu da asuba babu komai a cikinsa. Ka koma wajen likitan da ya gano hawan jinin naka, ka faɗa masa kwana nawa ka yi kana sha, ka kuma gaya masa cewa kana da niyyar shiga dogon tsere, domin motsa jikin da ya ce ka yi daban, kilomita 42 daban.

Abin da ka siffanta ya yi daidai da ɗaya daga cikin ciwukan da suka fi addabar masu gudu, wato ciwon mahaɗar ƙoƙon gwiwa da ƙashin cinya. Ƙoƙon gwiwa ƙaramin ƙashi ne da yake zaune a cikin jijiyar da ta haɗa tsokar gaban cinya da ƙashin ƙwauri, kuma a ƙarshen ƙashin cinya akwai wani kwarmi da yake zamewa a cikinsa duk lokacin da ka lanƙwasa ƙafa ko ka miƙe ta. Gwargwadon yadda gwiwa ta lanƙwashe alhali tana ɗauke da nauyin jiki, gwargwadon yadda ƙoƙon yake dannuwa a cikin kwarmin nan. Da wannan za ka gane dalilin da ya sa saukowa daga bene da tsuguno da zaman tahiya da dogon zama a mota suka zama su ne wuraren da ciwon yake tare ka, tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kuwa ba ta cika damunka ba. A irin wannan ciwo, a mafi yawan lokuta, babu abin da ya tsinke kuma babu abin da ya karye, gaɓar ce aka yi wa aiki fiye da kima har ta fusata.

Yadda aka yi ta fusata kuwa yana cikin lissafin da ka kawo da kanka. Mai sassarfa irinka yana yin taku kusan 18,000 ko fiye a kilomita 18, rabinsu a kan ƙafar dama, kuma kowane taku yana sauka da ƙarfin da ya kai nauyin jikinka sau biyu zuwa uku. Ka ninka tsawon gudunka fiye da sau uku cikin wata guda. Na san abin da ya ruɗe ka, domin shi yake ruɗin kusan duk wanda ya fara gudu da girmansa: zuciya da huhu suna sabawa da aiki cikin 'yan makonni, numfashi ya daina yankewa, sai mutum ya ɗauka cewa jiki duka ya shirya, alhali jijiya da ƙashi da guringuntsi watanni suke ɗauka kafin su kamo. Kirjinka ya ce zai iya, gwiwarka kuwa ba a shawarce ta ba.

Duk da haka, gwiwa sai an gan ta, an taɓa ta, an lanƙwasa ta kafin a yanke mata hukunci, wasiƙa kuwa ba ta yin wannan aiki. Ka nemi sashen fisiyo, wanda jama'a suka fi sani da sashen gashi, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika tunda yana kusa da kai, idan kuma aka ga buƙatar likitan ƙashi akwai su a can, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Idan gwiwar ta kumbura ta tara ruwa, ko ta riƙe ta ƙi miƙewa, ko ta riƙa zillewa kamar za ta kayar da kai, ko ka kasa taka ƙafar, ko ciwon ya hana ka barci, ko ya taru a wuri ɗaya a kan ƙashi wanda za ka iya nunawa da ɗan yatsa, to lamarin ya fita daga abin da nake bayani a kai, kuma sai ka dakatar da duk wani atisaye har an duba ka. Gwiwar da ta yi zafi ta kumbura tare da zazzaɓi a ranar ake kai ta asibiti. Kada ka yi mamaki idan aka ɗauki hoton ƙashi aka ce ba a ga komai ba, domin ƙashi yake nunawa ba jijiya ko guringuntsi ba, hoton MRI kuwa, wanda yake nuna su, yana da tsada, kuma a irin wannan ciwo ba kasafai ake fara neman sa ba.

Game da mai ɗori, ba na raina sana'arsa, amma fagensa shi ne ƙashin da ya karye ko ya goce, kai kuwa babu alamar ɗaya daga cikinsu a labarinka. Targaɗe yana zuwa ne a take, bayan murɗewa ko faɗuwa, yawanci tare da kumburi, naka kuwa a hankali ya taru. Ja da ɗauri ba sa ƙara wa gwiwa ƙarfi, ɗaurin da ya daɗe ma yana sa cinya ta rame. Kada ka yarda a yi maka tsaga ko sakiya a gwiwa, kada kuma ka bari a yi maka allura a cikin gaɓa a kemis, domin ƙwayar cuta idan ta samu hanyar shiga cikin gaɓa tana iya lalata ta cikin 'yan kwanaki.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi natsuwa, wato dalilin da ya sa hutun makonni uku bai warkar da kai ba. Hutu yana kwantar da ciwo saboda an sauke wa gwiwa kaya, amma ba ya ƙara mata ikon ɗaukar kayan, hasali ma rage shi yake yi, domin tsokar da ba ta aiki tana raguwa. Ka huta, ciwo ya tafi, ka ɗauka ka warke, sai ka koma kan hanya da ƙafar da ta fi ta da rauni, ka kuma nemi ta yi aikin da ya kayar da ita tun farko. Mutane da yawa suna shafe shekara a wannan zagaye na hutu da dawowar ciwo, har su yanke ƙauna su ce gwiwarsu ta lalace, alhali abin da suka rasa shi ne ƙarfin cinya da na ƙugu. Tsokar gaban cinya ita ce take tare nauyin jiki a duk lokacin da ƙafa ta sauka, tsokar ɗuwawu da ta gefen kwatangwalo kuwa su ne suke hana cinya karkata ciki, karkatar da take sa ƙoƙon gwiwa ya riƙa gugar gefe ɗaya na kwarminsa. Abin da aka fi samun nasara da shi a wannan ciwo shi ne atisayen ƙarfafa cinya da ƙugu a haɗe, na tsawon makonni 6 zuwa 12. Sunan gashi da muka ba wa sashen fisiyo yana sa wasu su je suna jiran a gasa musu wurin su tashi, amma gashi da tausa sauƙi ne na ɗan lokaci, maganin yana cikin aikin da za a ba ka ka je gida ka yi.

Likitan fisiyo shi zai tsara maka naka bayan ya gwada ka, amma ga irin abin da za ka tarar, kuma duka ana yin su a tsakar gida ba tare da na'ura ba. Ka kwanta rigingine, ka lanƙwasa gwiwoyi tafin ƙafa yana ƙasa, ka ɗaga ƙugu har jiki ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, ka riƙe daƙiƙa uku ka sauke. Ka kwanta ta gefe ka riƙa ɗaga ƙafar da take sama a miƙe, kana ɗan ja da ita baya, har ka ji gefen kwatangwalo ya ɗauki zafi. Ka zauna a kujera ka miƙe ba tare da dafa komai ba, saukar ta zama a hankali kamar mai tsoron kada kujerar ta karye. Ka jingina bayanka da bango ka ɗan sauka kaɗan, iya inda ciwo bai taso ba, ka riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30. Idan waɗannan suka yi sauƙi, sai ka koma hawa da sauka a kan bulo ko gajeren dakali da ƙafa ɗaya, kana lura gwiwa ta kalli yatsun ƙafa kada ta faɗa ciki. Ka yi kowane sau 10 zuwa 12, zagaye uku, kwana uku a mako, kuma duk wanda ya daina gajiyar da kai ka ƙara masa nauyi, ko da jakar baya ce ka cika ta da littattafan ɗalibai. Atisayen da bai gajiyar da tsoka ba ba ya ƙara mata komai.

A 'yan makonnin farko ka rage wa gwiwar abin da yake tsokanarta a harkokin yau da kullum. Idan akwai bayin zama a gida ko a makaranta ka yi amfani da shi. A mota ko a ofis ka riƙa miƙe ƙafar duk bayan rabin awa. Wajen saukowa daga bene ka dafa ƙarfe, ka fara sauke ƙafar mai ciwo. Game da salla, malamai sun yi bayani cewa wanda ciwo ya hana shi wani zama ko wata tsayuwa yana yin abin da zai iya, don haka ka tambayi malaminka yadda za ka sassauta zaman tahiya ko ka yi amfani da kujera na ɗan lokaci. Na ce na ɗan lokaci ne da gangan, domin manufar ita ce ka koma yin dukan waɗannan abubuwa kamar da, ba ka saba da gudun su ba.

Ba za ka koma sassarfa ba sai ka iya tafiya mai sauri ta minti 30 ba ɗingishi kuma ba ciwo washegari, ka iya sauka daga bulo da ƙafar dama sau 10 gwiwa ba ta rawa, ka kuma iya ɗan tsalle a kanta ba tare da sara ba. Idan ka cika waɗannan, ka fara da sassarfar minti ɗaya da tafiyar minti biyu, ka maimaita sau takwas, ka koma gida ko da kana jin za ka iya ninka haka. Daga nan sai minti biyu da biyu, sai uku da ɗaya, sai biyar da ɗaya, har ka kai minti 30 a jere, kuma kowane mataki ka yi shi sau biyu lafiya kafin ka wuce shi, kana barin kwana ɗaya tsakanin fita da fita. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne wannan: ka ƙiyasta ciwon daga 0 zuwa 10, idan bai wuce 3 ba, bai ƙaru kana cikin gudu ba, bai sa ka ɗingishi ba, kuma ka wayi gari gwiwar tana yadda take jiya, to abin da ka yi ya yi daidai. Idan kuwa ka tashi sallar asuba ka ji ta fi jiya ciwo, ka koma matakin da ya gabata. Jiki magayi ne, kuma a wannan ciwo da safe yake ba da labarin gaskiya, ba a lokacin da jini ya ɗumi kana tsakiyar hanya ba. Wannan ne ma dalili na biyu da ya sa ƙwayar kashe ciwo ba ta da wuri a tsarin, domin da ita a jiki ma'aunin ya lalace.

Akwai ƙananan gyare-gyare da suke taimakawa. Ka ƙirga takunka na minti ɗaya kana sassarfa, sannan ka ƙara yawansa da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba tare da ƙara sauri ba, misali daga 156 zuwa 165, domin gajeren taku yana sa ƙafa ta sauka kusa da jiki, hakan kuma yana rage matsin da ƙoƙon gwiwa yake sha. Ka guji gangara a yanzu. Filin makarantarku ko shimfiɗaɗɗiyar hanyar burji sun fi gefen kwalta, wanda yawanci a karkace yake don ruwa ya gangare, sai ƙafa ɗaya ta riƙa sauka ƙasa da 'yar'uwarta. Takalmin da ya dace shi ne wanda ka ji daɗinsa a ƙafa kuma ƙasansa bai cinye ta gefe ɗaya ba, idan na gwanjo ne ka duba wannan da kyau kafin ka biya. A ranakun da ba ka gudu, keke yana riƙe maka numfashi, da sharaɗin ka ɗaga sirdi yadda gwiwa za ta kusan miƙewa idan feda ta sauka.

Mu dawo kan makonni goman nan, mu yi lissafi kamar yadda za ka sa ɗalibi ya yi a allo. Cikakken gudun fanfalaki kilomita 42.195 ne. Tsare-tsaren da ake yi wa mai shigarsa karo na farko suna ɗaukar makonni 16 zuwa 20, kuma ana yin su ne ga wanda ya riga ya saba da gudu lafiya ƙalau, ana so ya taɓa yin kilomita 30 ko kusa da haka a atisaye, sannan makonni biyu zuwa uku na ƙarshe na rage aiki ne don jiki ya murmure. Idan ka cire waɗannan, saura maka makonni bakwai zuwa takwas ka tashi daga kilomita 3 mai ciwo zuwa 30. Hawan da ya raunata ka daga 5 zuwa 18 ne, wannan kuwa ya fi shi tsayi, kuma da gwiwar da ta riga ta nuna gajiya za ka yi shi. Ka ƙara da cewa kana atisaye ne a sanyin hunturun Zariya, inda gumi yake bushewa kafin ka ji shi, alhali iskar Legas a jiƙe take, gumi ba ya bushewa balle ya sanyaya jiki, kuma sabon mai gudu da zai ɗauki awa biyar zuwa shida rana za ta same shi a hanya ko da an tashi da sassafe.

Mai yiwuwa abokanka su kawo maka labarin waɗanda suka yi abin mamaki da raunin gwiwa, kuma akwai su. Joan Benoit, 'yar Amurka, an yi mata aikin gwiwa saura kwana 17 a yi gasar zaɓen tawagar ƙasarta a 1984, ta lashe gasar, sannan a wannan shekarar ta zama mace ta farko da ta ci zinaren gudun fanfalaki a wasannin Olamfik. Amma ita a lokacin ba ta kai shekara 30 ba, ta shafe shekaru tana wannan sana'a, a 1983 ma ta yi gudun da babu macen da ta taɓa yin mai saurinsa, ga likitoci a kanta dare da rana. Ƙwarya ta bi ƙwarya, idan ta bi akushi fashewa za ta yi. Juriyar da abokanka suke kira gare ta tana da wurinta, a kilomita na ƙarshe idan ƙafafu sun yi nauyi kuma zuciya tana cewa a tsaya, amma gajiyar tsoka daban, ciwon gaɓa daban, kuma wanda ya daure wa na biyun yakan biya da watanni.

Ba na cewa ka fasa zuwa Legas. Gasar, wadda aka fara a 2016, tana da rukunin kilomita 10, kuma wannan buri ne da zai iya yiwuwa idan komai ya tafi daidai: makonni biyu zuwa uku na ƙarfafa ƙafa da tafiya, huɗu zuwa biyar na haɗa sassarfa da tafiya, sauran kuma ka kai kilomita 7 ko 8. Ka tuntuɓi masu shirya gasar tun yanzu kan yadda za ka koma wannan rukuni. Lokacin a matse yake, don haka ka shiga da niyyar cewa za ka haɗa da tafiya a ranar, kuma idan gwiwar ba ta ba da izini ba zuwa ƙarshen Janairu, ka bar shi. Akwai tseren kilomita 10 na Okpekpe a Jihar Edo da ake yi a watan Mayu, sai dai hanyarsa tana da hawa da gangara, don haka sai gwiwa ta warke sarai. Bayan kilomita 10 sai rabin fanfalaki mai kilomita 21 idan ka yi wasu watanni lafiya, sannan cikakken a shekara mai zuwa, kana duba inda azumi zai faɗo kafin ka tsara watannin atisaye mai nauyi.

Maiɗakinka da yayanka ƙauna ce ta sa su magana, kuma sun ga abin da kai ka ƙi gani, wato mutum yana haɗiyar ƙwaya don ya fita gudu. Amma tsoron da suke yi cewa gudu yana cinye gwiwa bai yi daidai da abin da bincike ya nuna ba. Wani nazari da aka buga a 2017, wanda ya tattara bayanan mutane fiye da 100,000, ya samu ciwon zaizayewar gaɓar gwiwa ko ta kwatangwalo a jikin kashi 3.5 cikin 100 na masu gudu don motsa jiki, da kashi 10.2 na waɗanda ba sa gudu, da kashi 13.3 na ƙwararrun da suka yi shekaru suna gasa mai tsanani. Wannan bai tabbatar da cewa gudu ne ya kare na farkon ba, amma ya isa ya nuna cewa matsakaicin gudu ba shi ne yake kai mutum ga sanda ba. Guringuntsi ba shi da hanyoyin jini, daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kuma dannawa da sakewar da motsi yake yi ne suke shigar da ruwan nan cikinsa kamar soso. Ƙiba da rashin ƙarfin cinya da tsohon rauni mai tsanani su ne suka fi yi wa gwiwa barazana, biyun farko kuwa su ne kake yaƙa. Ka zaunar da maiɗakinka ka nuna mata tsarin, ka gaya mata ka bar ƙwayar kuma za ka ga likita, ina kyautata zaton hankalinta zai kwanta.

Na lura ka ajiye maganar ɗalibanka a ƙarshen wasiƙa, kuma ina jin ita ce ta fi yi maka nauyi. Ka faɗa musu gaskiya yadda take: ka yi gaggawa, gwiwa ta samu matsala, ka koma kilomita 10, babban kuma sai baɗi in Allah ya kai mu. A cikinsu akwai masu buga ƙwallo da suke ɓoye rauni don kada a cire su daga tawaga, akwai kuma waɗanda suka riga suka san hanyar kemis, kuma ganin malaminsu ya bi ta asibiti ya dawo fili da ƙafarsa zai yi musu amfanin da lambar yabo ba za ta yi ba.

Idan Allah ya nufa ka tsaya a layin kilomita 10, kada ka sa sabon takalmi ko ka ci abin da ba ka saba ci kafin gudu ba. Taron jama'a da kiɗa za su ja ka ka tashi da sauri, ka ƙi, ka yi kilomita biyun farko a hankali fiye da yadda kake so. Ka sha ruwa gwargwadon ƙishirwa, ba ka yi ta ɗura ba, domin yawan ruwa fiye da kima shi ma yana da haɗari. Idan ciwon gwiwa ya sa ka fara ɗingishi ka koma tafiya, idan kuma ka ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi ya ƙi daidaita, ka tsaya nan take ka nemi ma'aikatan lafiya.

A wannan makon ka sami ƙaramin littafi ka riƙa rubuta abin da ka yi kowace rana da lambar ciwon da ka tashi da shi washegari. Ranar da za ka ga likitan fisiyo ka tafi da littafin, da wando mai sauƙin naɗewa, da takalmin da kake gudu da shi, domin zai so ya ga inda ƙasansa ya cinye da yadda gwiwar take tafiya idan kana saukowa daga matakala. Ka rubuto mini abin da ya ce. Allah ya ba ka lafiya, Malam.